MURAR CIYAWA DA MAGANIN ƘARƘASHIN HARSHE

Yau maganarmu a kan wata mura ce wadda ba sanyi ke kawo ta ba, ba kuwa ɗaukarta a ke yi daga wurin wani ba. Ita ce murar nan da ke kama waɗansu mutane kowace shekara idan gero ya yi bununi, ciyawar daji kuma ta yi huda. Za mu faɗi abin da ke kawo ta, da wani magani da likitoci su ke sa wa masu ita a ƙarƙashin harshe a Turai da Amurka, da kuma abin da ya kamata mutumin Lafani ko na wani ƙauye a ƙasar Illela ya yi, tun da ya ke wannan magani ba na ɗakin shan magani na ƙauye ba ne. Kai da Allah ya ba ka karatu, ka karanta wa waɗanda ke zaune kusa da kai.

YADDA ZA KA GANE TA

Mura ta kullum kowa ya san ta. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ta kan bi gida ta kama wannan ta kama wancan. Ta kan zo da kasala da ciwon maƙogwaro, wani lokaci da ɗan zafin jiki, majina ta yi kauri, bayan kwana 7 ko 10 ta wuce.

Murar ciyawa ba haka ta ke ba. Mai ita ya kan yi atishawa a jere, biyar ko goma ba tsayawa. Hanci ya yi ta zubar da ruwa tsararo kamar hawaye, in dare ya yi ya toshe. Ido ya yi ja, ya yi ta ƙaiƙayi. Ganɗa da cikin kunne su ma su yi ƙaiƙayi, har ka ga mutum yana goga harshe a ganɗa. Ba ta wucewa cikin mako ɗaya, sai ta yi wata ɗaya ko biyu tana nan. Babbar alamarta ita ce tana da lokaci: in ta zo maka bana wajen watan Agusta zuwa Oktoba, baɗi ma wajen nan za ta komo. Ba a ɗaukarta, ko da tabarma ɗaya ku ke kwana da mai ita. Amma ta kan bi jini, watau in uwa ko uba na da ita, ko suna da asma, ba abin mamaki ba ne a gan ta ga ɗa.

Turawan Ingila sun sa mata suna zazzaɓin ingirici, domin lokacin yankan ciyawar dabbobi su ke ganinta. Sunan nan kuwa bai dace da ita ba, don ba ta kawo zazzaɓi. Ka riƙe wannan da kyau. Lokacin da ta ke zuwa a ƙasarmu shi ne lokacin da sauro ya fi yawa. Saboda haka in jikinka ya yi zafi da damina ko da kaka, kada ka ce ai murar nan tawa ce ta kowace shekara. Ka zo a ɗiba jininka a duba zazzaɓin cizon sauro.

Waɗansu su kan raina ta, su ce ai atishawa ce kawai. Wanda ta kama ba ya faɗin haka. Ta kan hana barci, manomi ya tashi da nauyin kai a lokacin da aikin gona ya fi yawa, ɗan makaranta ya zauna a aji bai san abin da malam ke faɗi ba. Abin da ya fi wannan kuwa, hanci da huhu hanya ɗaya su ke. Da yawa daga masu asma suna da wannan mura, mai ita kuma ya fi wanda ba shi da ita kusa da kamuwa da asma.

ABIN DA KE KAWO TA

Kowane manomi ya san bununi. In ka shiga gonar gero da hantsi sa'ad da ya yi huda, ka girgiza zangarniya, sai ka ga wani gari mai laushi ya tashi ya manne maka a riga. Shi ne ke sauka a kan wata zangarniya ta yi ido. Dawa da masara da maiwa duk suna da nasu. Haka kuma gamba da ƙyasuwa da ƙarangiya da kiri-kiri da sauran ciyayin daji, don su da hatsi dangi ɗaya ne. Furannin da ke da kyan gani zuma da sauran ƙwari ke kai musu garinsu daga fure zuwa fure. Amma dangin ciyawa iska ce ke yi musu wannan aiki, don haka su ke sakin gari mai yawan gaske, iska ta ɗauke shi ta kai shi nesa. Ba sai ka shiga gona za ka shaƙe shi ba.

An daɗe ba a san haka ba. A 1819 wani likita a Landan mai suna John Bostock ya rubuta bayanin wannan ciwo dalla-dalla, amma ya zaci zafin rana ke tayar da shi. Sai a 1873 wani likita na birnin Mancesta, Charles Blackley, ya nuna bununi ne. Shi ma yana da ciwon. Ya ɗan karce fatarsa ya shafa garin furen ciyawa, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Ya kuma riƙa ajiye gilashi mai danƙo a waje yana ƙirga garin da ya manne, ya ga ranar da garin ya yi yawa ita ce ranar da atishawarsa ta fi tsanani.

To, me ya sa kowa ke shaƙar bununi, amma waɗansu kaɗai ya ke damu? Allah ya sa wa jikin ɗan Adam masu tsaro a cikin jini da fata da hanci, aikinsu su yaƙi ƙwayoyin cuta. Misalinsu kamar karen gadi ne. Kare na kirki ɓarawo ya ke yi wa haushi. Amma akwai wanda maƙwabci ma in ya zo wucewa sai ya tasam masa, ya ta da gida duka. Bununi maƙwabci ne, ba ya cutar da kowa. A jikin mai wannan mura masu tsaron nan sun ɗauke shi abokin gaba. Jini ya kan yi wani sinadari da likitoci ke kira IgE, wanda aka gano tsakanin 1966 da 1967, shi ke riƙe da kamannin bununin. Da zarar garin ya sauka a hanci ko ido, sai wannan sinadari ya gane shi, ya sa a saki wani ruwa mai suna histamin. Histamin shi ke kawo atishawa da ƙaiƙayi da kumburi da zubar ruwa. Ashe wahalar daga haushin karen ta ke.

BA BUNUNI KAƊAI BA

Kada ka ji wannan ka ce duk atishawa ta ciyawa ce. Akwai masu yin ta shekara duka, ta fi damunsu da asuba ko lokacin shara. Waɗannan sau da yawa abin da ke damunsu waɗansu 'yan ƙwari ne dangin kaska, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita a ke ganinsu, suna zaune cikin katifa da matashi da bargo. Waɗansu kyankyaso ne, waɗansu funfunar rumbu, waɗansu gashin kyanwa ko na doki. Akwai kuma ƙurar hunturu, da hayaƙin itace, da ƙaiƙayin gero wajen sussuka da shiƙa. Waɗannan na ƙarshe kowa su ke sa wa atishawa, sai dai sun fi tsananta wa wanda hancinsa ya riga ya kumbura.

Yadda a ke rarrabewa shi ne gwajin fata, jikan gwajin nan na Blackley. Likita ya kan ɗiga ruwan abubuwa iri iri a dantse, kowane ɗigo da wurinsa, ya ɗan tsikari fata ta cikin ɗigon. Bayan minti 15 zuwa 20, wanda jiki ba ya so sai wurinsa ya tashi kamar cizon sauro. Ana kuma iya gwadawa ta jini. Sai an san maƙwabcin da karen ke yi wa haushi kafin a yi maganar da ke tafe.

DABARAR SABO

Magungunan da muka saba da su haushin su ke kwantarwa na yini ɗaya, gobe sai an sake sha. Amma akwai wata dabara dabam. Ka san karen da ke yi wa maƙwabci haushi, in maƙwabcin nan ya riƙa zuwa kullum a hankali, yana zama tare da mai gida, wata rana sai ka ga ya shigo karen ko kai bai ɗaga ba. Jiki ma ana iya saba masa da bununi haka nan. A ba shi awon da aka sani, a kai a kai, har masu tsaron su rage zafin kai.

A 1911 wani likita mai suna Leonard Noon, a asibitin Saint Mary da ke Landan, ya fara yi wa masu wannan mura allurar ruwan bununin ciyawa, daga kaɗan yana ƙarawa. Abokin aikinsa John Freeman ya ci gaba da aikin. Allurar tana aiki, har yau ana yin ta. Amma tana da wahala biyu. Ta fari, sai mutum ya riƙa zuwa asibiti kowane mako da farko, daga baya kowane wata, shekara da shekaru. Ta biyu, wani lokaci jiki ya kan yi mummunan bori nan take, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. A 1986 hukumar da ke lura da lafiyar magunguna a Ingila ta ba da labarin mutum 26 da suka rasu ta wannan hanya cikin kimanin shekara 30, galibinsu masu asma. Daga nan aka tsananta doka, aka ce ba a yin allurar sai inda akwai kayan ceto a kusa.

Wannan ya sa aka nemi hanya mai sauƙin haɗari. A shekarar nan ta 1986 aka buga sakamakon gwajin farko na ƙwarai a kan sa maganin a ƙarƙashin harshe, a Landan. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda hanya ce da za a iya bi a maimakon allura. A 2006 aka ba da izinin wata ƙwaya mai suna Grazax a Turai, wadda wani kamfanin ƙasar Denmak ya yi da bununin wata ciyawa mai suna timoti. Wani kamfanin Faransa kuma ya yi Oralair da bununin ciyayi 5. Amurka ta ba da nata izinin a 2014, a 2017 kuma ta yarda da ƙwaya irin wannan domin masu murar ƙwarin katifa.

Don me ƙarƙashin harshe? Domin fatar wurin ba ta da kauri, kuma baki ƙofa ce da ta saba karɓar baƙi. Kullum abinci iri iri na bi ta nan, jiki ba ya yaƙarsa. Masu tsaron da ke wannan wuri su kan ɗauki ɗan bununin su kai shi ga 'yan ƙullutun nan na wuya, waɗanda in sun kumbura mu ke cewa kaluluwa. A can a ke koya wa sauran cewa wannan baƙo ba abin tsoro ba ne.

YADDA A KE SHAN SA

Ƙwaya ɗaya ce kowace rana. A ɗauke ta da busasshen hannu, a sa ƙarƙashin harshe, ta narke. Ba a haɗiye yawu sai bayan minti 1 ko 2, ba a ci ba a sha sai bayan minti 5, sa'an nan a wanke hannu.

Ƙwayar farko a gaban likita a ke shan ta, mutum ya zauna minti 30 ana dubansa, da allurar adirenalin a kusa ko da jiki zai yi bori. In an wuce wannan lafiya, sauran a gida a ke sha.

Ba ranar da atishawa ta tashi a ke fara ta ba. Ana farawa kamar wata 4 kafin ciyawa ta yi huda. Da a ce a nan ne, sai a fara tun da bazara, kafin ruwan shuka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan ana ci gaba shekara 3. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna wahalar ta kan ragu da kimanin kashi 30 cikin 100, shan sauran magunguna ma ya ragu. Waɗanda suka cika shekara 3 an bi su shekara 2 bayan sun daina, aka tarar amfanin yana nan. Amma wani gwaji da aka buga a 2017 ya nuna wanda ya tsaya a shekara 2, amfanin ba ya daɗewa bayan ya bari. Ka ga ke nan magani ne na mai haƙuri, kuma sauƙi ya ke kawowa, ba a yi wa kowa alkawarin zai rabu da atishawa ƙaf ba.

A makonnin farko da yawa su kan ji ƙaiƙayi a baki da maƙogwaro da kunne, ko ɗan kumburi ƙarƙashin harshe. Wannan ya kan wuce cikin 'yan mintoci, bayan mako ɗaya ko biyu ya kan daina zuwa. Mummunan bori bai cika faruwa ba, amma ya kan faru. In harshe ko maƙogwaro ya kumbura sosai, ko murya ta canja, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya ɗebi mutum, asibiti nan take.

Akwai waɗanda ba a ba su. Mai asma wadda ba ta kwanta ba, ba a ba shi. Mace mai ciki ba a fara mata. Yaro sai ya kai shekara 5. Wanda ke da gyambo a baki, ko aka cire masa haƙori, ya kan dakata har wurin ya warke, don kada maganin ya shiga jini kai tsaye. Kuma ba a yin sa sai ga wanda gwaji ya tabbatar bununi ke damunsa, ya kuma sha magungunan da aka saba bai sami sauƙi ba.

CIYAWARSU BA TAMU BA CE

Ga maganar da ta fi shafarmu. Karen da ya saba da Malam Audu bai saba da kowa da kowa ba ke nan. In ƙanen Malam Audu ya zo, mai yiwuwa ya bar shi don sun yi kama. In wani baƙo ne daga wani gari, haushi zai yi. Maganin nan ma abin da aka saba wa jiki da shi kaɗai ya ke yi wa aiki, sai ko danginsa na kusa.

Timoti da sauran ciyayin da aka yi ƙwayoyin Turai da su ciyayin ƙasashen sanyi ne. A tsakaninsu kamar 'yan ɗaki ɗaya su ke, shi ya sa bununin guda ɗaya ya kan wadatar wa mutumin Jamus ko Ingila. Gamba da ƙyasuwa da ƙarangiya da kiri-kiri, da gero da dawa, ciyayin ƙasashen zafi ne. Dangi ne da waɗancan, amma na nesa. Bununinsu ya yi kama da na timoti ta wani gefe, ta wani gefe ya bambanta. Likitocin ƙasashe masu zafi kamar arewacin Ostireliya sun nuna wannan bambanci a jinin majinyatansu. Saboda haka ƙwayar da ta yi wa Bature aiki ba tabbas za ta yi wa manomin Lafani aiki daidai da haka ba. In kuwa ƙwarin katifa ne ke damunka, ƙwayar ciyawa ba za ta yi maka kome ba, ko ka shekara goma kana sha.

Mu mutanen bakin iyaka ne. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni kaya iri iri na shiga suna fita, har da magunguna, na kirki da na jabu. In wani ya zo maka ran kasuwa da ƙwaya ko ruwan kwalba ya ce maganin atishawa ne na ƙarƙashin harshe daga Turai, kada ka saya. Maganin da ya ke sai an gwada fatarka, sai an sha na farko a gaban likita, sai an shekara 3 ba fashi, ba a kan tire a ke sayar da shi ba. Kada kuma wani ya ji wannan bayani ya je gona ya karkaɗo bununi ya zuba a baki. Na likita an tace shi, an auna ƙarfinsa, kowace ƙwaya daidai da 'yar'uwarta. Na gona ba awo, ga ƙura ga funfuna, yana iya sarƙe wa mutum numfashi a inda babu mai ceto.

ABIN DA ZA KA YI YANZU

Yawancin masu wannan mura, ko a Turai, ba su kai ga maganin ƙarƙashin harshe. Abubuwan nan da ke hannunmu su kan ishe su.

1. Ka lura da lokacinka. Wane wata ta ke farawa, wane wata ta ke bari? A gona ta fi tashi ko a ɗaki? Da safe ko da dare? In ka zo ɗakin shan magani da wannan bayani, ka yi mana rabin aiki.

2. Ka rage shaƙa. Bununi ya fi tashi da hantsi bayan raɓa ta bushe, da kuma ranar iska. Manomi ba ya barin gona don atishawa, amma yana iya rufe hanci da amawali ko takunkumi. In ka komo gida ka wanke fuska da ido, ka cire rigar gona, kada ka kwana da ita. Ke uwar gida, in ke ce mai ciwon, ki ɗaura ƙyalle a hanci wajen sussuka da shiƙa, ki tsaya ta inda iska ke fitowa. A nome ciyawar bayan ɗaki tun ba ta yi huda ba.

3. Ka wanke hanci da ruwan gishiri. A tafasa ruwa rabin lita, a bar shi ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya shafaffe. A shaƙa a fyace kamar yadda a ke yi wajen alwala, safe da yamma. Kowace rana a haɗa sabo.

4. Akwai ƙwayoyin da ke tare histamin. Piriton tsohon magani ne, yana aiki, amma yana sa barci. Direba da ɗan kabu-kabu da mai aiki a bakin rijiya ko injin niƙa, kada su sha shi su fita aiki. Setirizin da loratadin sau ɗaya a ke sha a rana, ba su cika sa barci kamarsa ba.

5. In toshewar hanci ta yi yawa, akwai maganin fesawa a hanci mai kwantar da kumburi, shi ya fi duka aiki. Sai dai ba ran nan ya ke nuna ƙarfinsa ba, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum. Ya fi kyau a fara mako 2 kafin lokacin da ta saba zuwa. Wannan dabam ya ke da ɗigon nan mai buɗe hanci nan take. Shi wancan in an wuce kwana 5 zuwa 7 ana sa shi, hanci ya kan ƙara toshewa fiye da dā.

6. Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su yi wa wannan mura kome, don ba ƙwayar cuta a ciki. Asarar kuɗi ce. Deksametazon da danginsa, ƙwaya ko allura, su kan kwantar da ita da sauri, amma wanda ya mai da su na kullum yana sayen hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Kada ka sha sai likita ya rubuta. Kowane magani za ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

7. Yaron da idonsa ke ƙaiƙayi kullum har farin ya koma ruwan ƙasa, a kawo shi a duba. Kada a ɗiga masa maganin ido na kasuwa. Waɗansunsu in an daɗe ana sawa su kan kawo yana ko hawan jinin ido, har gani ya tafi.

8. In ƙirji ya fara kuka kamar usur, ko tari ya riƙa ta da kai da dare, ko numfashi ya gaza, abin ya sauka huhu, kada ka jira. Mai irin wannan ya shiga ɗaki in hadari ya taso da iska a lokacin huda. A birnin Melbon na Ostireliya, a watan Nuwamba 2016, hadari ya taso a lokacin bununin ciyawa, dubban mutane suka cika asibitoci da sarƙewar numfashi, mutum 10 suka rasu. Tarin da ya wuce mako 2 kuma sai an gwada majinar ƙirji saboda tarin fuka.

9. In ka yi duk waɗannan yadda aka ce, shekara ta zagayo ba sauƙi, ka nemi takarda daga ɗakin shan magani zuwa babban asibitin Illela. In sun ga ya kamata, su tura ka Sakkwato, wurin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Su ne za su duba cikin hancinka, su faɗa maka irin gwajin da ya dace da kai. Maganar ƙarƙashin harshe, in za a yi ta, daga bakin irin waɗannan likitoci za ta fito.

To jama'a, a taƙaice ke nan. Murar ciyawa ba ta yaɗuwa, ba ta kawo zazzaɓi, tana da lokacinta. Ana iya saba wa jiki da abin da ke tayar da ita, amma sai an san ko mene ne, sai an sami maganin da aka yi da shi, sai kuma an yi haƙurin shekara 3 a hannun likita. Kafin nan, wanda ya san watansa ya zo mu shirya tun gero bai yi huda ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ga kaka lafiya. Mu kwana nan.